Yadda Ake Ziyartar Mai Bi da ke Cikin Wahala: Jagora ga Dattawa da Masu Ziyara a Maraɗi

A kowace ikilisiya ta Maraɗi da ƙauyukanta akwai waɗanda aka ɗora wa nauyin ziyara, wato fasto da mai bishara da dattawa da shugabannin zumuntar mata, kuma duk wanda ya daɗe a wannan hidima ya san da wuya a tashi daga gaban majinyaci ko mai makoki ba tare da tambayar nan ta fito ba: me na yi wa Allah? Wani lokaci mai wahalar ne yake furta ta da bakinsa, wani lokaci kuma dangi ne suke raɗa ta a bayan ɗaki. Mai ziyara yana bukatar ya san abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar a kan tushen wahala da manufarta, yana kuma bukatar ya san lokacin da ya dace a faɗi wannan koyarwa da lokacin da ya dace a riƙe ta, domin yawancin raunin da ake yi wa mutane a gidajen makoki masu kyakkyawar niyya ne suke yin sa.

Abin da za ka riƙe a zuciya kafin ka fita daga gida

Littafi Mai Tsarki bai ba da dalili guda ɗaya tak na shan wahala ba, kuma wanda ya riƙe dalili ɗaya zai riƙa ɗora shi a kan duk wanda ya tarar. Tushen da ya fi kowanne faɗi shi ne lalacewar da ta shigo duniya tun faɗuwar Adamu. Farawa sura 3 ta yi maganar ƙasar da aka la'anta, da ƙayayuwa, da cin abinci da zufan goshi, da komawa turɓaya, manzo Bulus kuma ya ce a Romawa 8:20-22 dukan halitta tana nishi tana jiran 'yanci. A ƙarƙashin wannan ne zazzaɓin cizon sauro yake, wanda ke cika asibitoci da yara daga tsakiyar damina har kaka, haka fari da fara, haka ambaliya irin wadda ta ci tsohon garin Maraɗi a 1945 har aka tashe shi daga kwarin gulbi zuwa tudu, da wadda ta rushe gidaje ta ɗauki rayuka a daminar 2024. Ruwan bai tsaya tambayar addinin mai gida ba kafin ya kayar da katangarsa. Da aka yi maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, Yesu ya ce ba su fi sauran mazaunan Urushalima laifi ba (Luka 13:4-5), ya kuma juya maganar ta koma kan masu sauraro, ya kira su ga tuba.

Akwai kuma wahalar da muguntar wani mutum take jawowa. Habila bai yi laifin da zai sa a kashe shi ba, Yusufu kuma 'yan'uwansa ne suka sayar da shi. Yunwar 2005 ta biyo bayan fari da farar 2004, amma waɗanda suka ga wannan shekara sun san akwai hatsi a kasuwa, kuɗin tiya ne ya fi ƙarfin talaka, kuma a cikin wannan tsada akwai hannun mutane. Dubban iyalan da suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa yankin Gidan Rumji tun daga 2019 suna gudun 'yan bindiga ba zunubinsu ne ya kore su daga gonakinsu ba. Wannan bambanci yana da amfani ga mai ziyara, domin inda zalunci ne tushen abu, ba daidai ba ne a ce wa wanda aka zalunta ya yi haƙuri kawai a tashi, alhali akwai hanyar neman haƙƙi.

Gaskiya ne mutum yakan girbi abin da ya shuka (Galatiyawa 6:7), kuma Dawuda ya ga takobi a cikin gidansa bayan abin da ya yi wa Uriya. Gaskiya ne kuma Shaiɗan yana da hannu a wasu wahalhalu, kamar yadda surori biyu na farkon littafin Ayuba suka nuna, sai dai a nan ma sai da ya nemi izini, aka kuma sa masa iyakar da bai isa ya ƙetare ba. Sa'an nan akwai tsanani saboda sunan Almasihu, wanda za mu koma kansa a gaba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne waɗannan tushe sukan haɗu a cikin wahala guda. Ƙayar da ke jikin Bulus an kira ta manzon Shaiɗan, amma a cikin aya ɗaya aka ce an ba shi ita domin kada ya yi girmankai (2 Korantiyawa 12:7). Gicciyen Almasihu mugayen mutane ne suka kafa shi, duk da haka Bitrus ya ce bisa ga ƙaddararren nufin Allah ne (Ayyukan Manzanni 2:23). A lura kuma da cewa mai karanta littafin Ayuba ya san abin da ya faru a sama, amma shi Ayuba har ƙarshen littafin ba a gaya masa ba. Kai mai ziyara kana tsaye ne a inda Ayuba da abokansa suka tsaya, ba a buɗe maka labulen ba, saboda haka ba a aike ka ka gano wa mutum dalilin ciwonsa ba.

Shiga da zama

Zumunta a ƙafa take, don haka ka je da kanka, kada saƙon waya ya zama madadin zuwanka sai in nisa ko rashin tsaro ya hana. In mace za a ziyarta, namiji ya tafi da matarsa ko da wata dattijuwa daga zumuntar mata, kuma a yi sallama a jira izini kamar yadda aka saba a kowane gida. A asibiti za ka tarar da mai jinya, yawanci mace, wadda ta kwana a tabarma a gefen gado ko a farfajiya, ga buta ga kwanon fura, ga takardar magani ƙulle a bakin zane wadda ba a sayi rabin abin da ke cikinta ba. Ka gaishe ta ita ma, ka tambaye ta ko ta ci abinci, domin sau da yawa ta fi majinyacin gajiya kuma ba mai tuna ta. Ka zauna ƙasa ko a kujera, kada ka tsaya a kan marar lafiya kana magana daga sama.

In ka ce "Sannu, Baba, ya jiki?" amsar da za ka samu ita ce "Da sauƙi," ko da mutumin bai runtsa ba tun jiya. Haka ladabinmu yake, kuma ba ƙarya yake yi ba. Ka karɓi wannan amsa, ka yi shiru kaɗan, sa'an nan ka yi tambaya ta biyu mai sauƙi, kamar yadda daren ya kasance ko abin da likita ya ce. A nan ne maganar gaskiya take fara fitowa. Abokan Ayuba uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, kuma ba a zarge su da komai ba a wannan lokaci. Da suka buɗe baki suka shiga bayani, sai suka ɗora masa laifin da bai yi ba, har Allah ya ce wa Elifaz fushinsa ya yi ƙuna a kansa da abokansa biyu domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba (Ayuba 42:7). Abin tsoro a nan shi ne yawancin kalmominsu suna kama da wa'azi mai kyau, sai dai sun ɗora su a kan wanda ba su dace da shi ba.

Kada ka hana kuka. Akwai masu ganin hawaye a gidan mai bi alama ce ta raunin bangaskiya, har su fara rera waƙar murna tun gawa tana ɗaki, alhali Karin Magana 25:20 ta kwatanta mai rera waƙa ga zuciya mai baƙin ciki da wanda ya tuɓe wa mutum riga a ranar sanyi. Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru yana sane da cewa zai tashe shi. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba ta juya ga yabo ba ko a aya ɗaya, kuma an bar ta a cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Wanda ya ce "Allah ya manta da ni" yana faɗin abin da Dawuda ya riga ya faɗa a Zabura 13, kuma abin da zai taimake shi shi ne ka buɗe masa wannan zabura ka karanta a hankali, ya ji cewa yana da izinin kai kukansa ga Allah kai tsaye.

In aka yi maka tambayar

In ya ce maka "Malam, me na yi?" kada ka yi gaggawar cewa bai yi kome ba, kada kuma ka fara lissafa masa abubuwan da kake zato. Ka tambaye shi ko akwai wani abu takamaimai da yake damun lamirinsa. In akwai, ka saurara har ƙarshe, ka kai shi ga alkawarin gafara da ke 1 Yahaya 1:9, in kuma akwai haƙƙin wani a kansa ka taimake shi ya mayar, kuma abin da ka ji ya tsaya a cikinka, kada ya zama batun roƙon addu'a a gaban jama'a ranar Lahadi. In kuwa ya bincika bai ga kome ba sai tsoro marar suna, ka karanta masa Yahaya 9:1-3, inda almajirai suka tambaya ko mutumin da aka haifa makaho shi ne ya yi zunubi ko iyayensa, Yesu kuma ya kawar da duka biyun. Ka tuna masa da Romawa 8:1, cewa babu sauran hukunci a kan waɗanda ke cikin Almasihu Yesu. Horon da Ibraniyawa sura 12 ta yi magana a kai horon uba ne ga ɗan da yake ƙauna, kuma mai bi da ya ɗauka Allah yana rama masa ne zai guje wa addu'a a daidai lokacin da ya fi bukatarta.

A ƙasarmu tambayar takan zo da wata fuska, wato wa ya yi mini? Dangi za su kawo maganar sammu ko jifa ko maita, wani zai ba da shawarar a kai wurin boka ko 'yan bori, kuma sau da yawa za a nuna yatsa ga kishiya ko wata tsohuwa da ba ta da mai tsaya mata. Kada ka yi wa tsoronsu dariya, domin Littafi Mai Tsarki bai musanta ikokin duhu ba, amma ka tsaya da ƙarfi a kan abu biyu. Na farko, Almasihu ya riga ya yi nasara a kan waɗannan ikoki (Kolosiyawa 2:15), don haka mai bi ba ya bukatar laya ko tsari. Na biyu, zargin mutum da maita ba tare da shaida ba shaidar zur ce, kuma ta raba gidaje da yawa. A nan ɗan sanin lafiya yana yi wa mai ziyara amfani ƙwarai. Ma'auratan da suka binne yara biyu ko uku bayan ciwon ƙashi da kumburi da ƙarancin jini suna iya zama masu ɗauke da ƙwayar sikila su duka, kuma in haka ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haifar mai ciwon. Gwajin jini zai nuna wannan, ya kuma sauke wa matar zargin da aka ɗora mata. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce da ake iya riƙewa da magani, ba a kuma ɗaukarta ta hanyar taɓa mai ita. Kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, tana warkewa da maganin wata shida zuwa shekara, kuma asibitin Danja da wata ƙungiyar mishan mai suna SIM ta kafa a kudu da Maraɗi ya shafe shekaru da dama yana wannan aiki, daga baya aka ƙara masa sashen gyaran yoyon fitsari. Tura mutum asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. Bulus da kansa ya kira Luka ƙaunataccen likita, ya ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa, ya kuma bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya.

Ina ganin ya kamata dattawa su yi magana a fili game da koyarwar da ke cewa wanda bai warke ba bangaskiyarsa ce ta kāsa, ko kuwa bai ba da baiko mai tsoka ba. Wannan koyarwa tana karɓe kuɗin maganin talaka, ta bar shi da ciwonsa, ta ƙara masa da laifi. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar, amsar da ya samu ita ce alherin Allah ya ishe shi, kuma ba wanda zai ce bangaskiyar Bulus ce ta yi ƙaranci.

Hannu kafin baki

Yakubu 2:15-16 ta tsawata wa wanda ya sallami mayunwaci da fatan alheri bai ba shi kome ba. Kafin ka tashi ka san abin da gidan ya rasa: ko takardar maganin nan ce, ko tiyar hatsi, ko wanda zai yi wa gwauruwa noman farko kafin ciyawa ta ci gonar, ko kuɗin makarantar marayu. Ka ba da abin da za ka bayar a asirce, ka sa shi a hannun mai jinya ko a ƙarƙashin tabarma, domin talaka ma yana da mutuncinsa. Abin da ya fi ƙarfinka ka kai wa dattawa, kuma ikilisiyar da ta ware dami daga baikon kaka ta ajiye a rumbu domin watannin da abinci ke ƙarewa tana bin sawun almajiran Antakiya, waɗanda suka tara gudummawa domin 'yan'uwa na Yahudiya da suka ji labarin yunwa tana tafe (Ayyukan Manzanni 11:27-30).

Yaushe ake maganar manufa

Littafi Mai Tsarki ya faɗa sarai cewa wahalar mai bi ba a banza take ba. Tana haifar da jimiri, jimiri ya haifi tabbataccen hali, hali kuma ya haifi sa zuciya (Romawa 5:3-5). Tana gwada bangaskiya kamar yadda wuta ke gwada zinariya (1 Bitrus 1:7). Tana raba mutum da dogara ga kansa, kamar yadda Bulus ya ce game da abin da ya same su a Asiya, har suka fid da rai, domin su dogara ga Allah mai ta da matattu (2 Korantiyawa 1:8-9). Tana kuma shirya mutum ya ta'azantar da wasu da ta'aziyyar da shi ya samu, shi ya sa matar da ta taɓa binne ɗanta takan fi fasto sanin abin da za ta faɗa wa wadda ta binne nata jiya, kuma mai hikima zai tafi da irin wannan mace.

Duk wannan gaskiya ne, amma wurin koyar da shi shi ne majami'a, a lokacin da mutane suke lafiya, domin su shiga wahala da shi a hannu. A ranar rasuwa, faɗin cewa dukan abu yana aiki domin alheri yakan sauka a kunnen uwa kamar an ce mutuwar ɗanta abu ne mai kyau, alhali Littafi Mai Tsarki ya kira mutuwa abokiyar gaba. A duba Yusufu. An sayar da shi yana ɗan shekara 17, ya tsaya gaban Fir'auna yana da 30, kuma sai bayan rasuwar mahaifinsu ya faɗa wa 'yan'uwansa cewa sun nufe shi da mugunta amma Allah ya nufe ta da alheri (Farawa 50:20). Shi wanda ya sha wahalar ne ya furta wannan, bayan shekaru masu yawa, kuma bai sauya wa muguntarsu suna ba. Saboda haka ka jira har mai wahalar ya fara tambayar abin da Allah yake yi da shi, sa'an nan ku buɗe waɗannan ayoyi tare, ka bar shi ya ga abin da zai gani. Wasu za su ga amfanin a nan duniya, wasu kuma ba za su gani ba sai ranar da aka yi alkawarin share dukan hawaye (Wahayin Yahaya 21:4), kuma kada ka ƙirƙiro wa mutum dalili don kawai shiru ya yi maka nauyi.

Wahala saboda sunan Almasihu

Masu bi 'yan kaɗan ne a Nijar, kuma yawancinsu suna zaune lafiya da maƙwabtansu Musulmi, suna zuwa wa juna suna da biki da ta'aziyya. Duk da haka an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai a watan Janairu na 2015, an kuma ƙona wata a nan Maraɗi a watan Yuni na 2019, kuma akwai tsanani marar hayaniya da ba ya shiga labarai, irin na wanda danginsa suka juya masa baya ko aka raba shi da gado. In ka ziyarci irin wannan ɗan'uwa, ka fara taimaka masa ya bambanta, kamar yadda 1 Bitrus 4:15-16 ta yi, tsakanin shan wuya domin shi Kirista ne da shan wuya domin bakinsa ko halinsa, gama wanda ya zagi addinin maƙwabcinsa ya jawo faɗa bai kamata ya kira abin tsanani ba. In kuwa don sunan ne, ka ƙarfafa shi kada ya rama, ya ci gaba da girmama iyayensa da gaishe su ko da ba su amsa ba, ikilisiya kuma ta zama masa dangi a aikace, da wurin kwana da abinci da sana'a. Yafewa ba ta hana neman kariyar hukuma, domin Bulus ya nemi haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma a Filibi da Urushalima, ya kuma ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar.

Addu'a da dawowa

Ka nemi izini kafin ka yi addu'a, musamman a ɗakin asibiti inda akwai wasu majinyata, ka kuma yi ta a taƙaice da murya ƙasa. Ka roƙi warkarwa ba tare da jin kunya ba, kamar yadda Yakubu 5:14 ta umarci dattawa, ka kuma miƙa al'amarin ga nufin Uba kamar yadda Yesu ya yi a Gatsemani, amma kada ka yi wa majinyaci alkawarin ranar da zai tashi, domin ba a ba ka wannan sani ba. In wanda ya daɗe a kwance yana marmarin Jibin Ubangiji, ka sanar da fasto a kai masa gida.

A kwanakin farko na rasuwa gida yakan cika har a rasa wurin shimfiɗa tabarma, bayan mako biyu kuma sai kowa ya koma harkarsa, a daidai lokacin da kaɗaici yake fara cin mai makoki. Dattawa su raba sunaye a tsakaninsu, a san wanda zai leƙa wannan gida a kowane mako har watanni su wuce, a kuma tuna da shi a lokacin Kirsimeti da ranar da rasuwar ta zagayo. In ka lura mutum ya daina cin abinci, ba ya barci, ya janye daga mutane na tsawon makonni, ko ya fara cewa gara ya mutu, kada ka ɗauki maganar da wasa kuma kada ka tsawata masa. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, a kawar da maganin ƙwari da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a sa wani ya riƙa kwana tare da shi, a kuma raka shi wurin likita a ranar.